Kuɗinsa Ya Fi Shi Ƙafa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Asabar na je jana'iza a Moshi Zango da ke nan Kumasi, ƙasar Gana, na dawo gida na kasa kai loma baki. Maiɗakina ta ajiye tuwo ta ɗauke, ta ɗumama ta sake ajiyewa, ta sake ɗaukewa. Yau da asuba bayan na sallame na zauna a kan darduma, wani tsohon gwangwanin Milo na gabana, na ce in ban fitar da maganar nan ba za ta cinye ni. Ni ba malami ba ne, kayan gyaran mota nake sayarwa a Suame Magazin, waɗanda suka san ni sun sani. Asirin kaina zan tona. Wanda ya ga fuskarsa a ciki, shi ya san abin yi.

Tsohuwar da aka binne Kirista ce, 'yar Katolika. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya kai tsakiya ya ce na yaudare shi. Duk unguwa Yaaba muke ce mata, wato kaka da yaren Moshi. Har furfura ta fito mini a gemu ban san sunan da aka yi mata baftisma da shi ba, sai jiya da na gan shi rubuce a ƙarƙashin hotonta. Gida ɗaya na tashi da ita, irin gidan haya namu na zango: ɗakuna a kewaye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta kullum. Ƙofarta na kallon ƙofar mahaifiyata. Ta goya ni. Ta dake ni. Ranar da na gudu daga makarantar allo a bayan randarta na ɓuya, ta bar ni na gama haki, ta ba ni ruwa na sha, sannan ta kama kunnena da kanta ta mai da ni gaban malam.

Wannan matar ta aiko a kira ni sau uku cikin wata bakwai. Sau uku na ce zan zo. Jiya na zo.

Bari in ba ku labarinta kaɗan, ku san wa na yi wa haka.

Ba haifaffiyar nan ba ce. Daga wajen Kupela ta fito, a ƙasar da yau ake kira Burkina Faso, garin da fada-fadan Katolika suka kafa mishan tun 1900, a can iyayenta suka karɓi addinin. Tun 1984 Sankara ya canja wa ƙasar suna, amma ita har ta mutu "Faransi" take cewa, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa. Tana amarya ta biyo mijinta, tun kafin Nkrumah ya ɗaga tuta a 1957. Ta Tenkodogo suka biyo zuwa Bawku, daga nan bayan babbar mota a kan buhunan albasa, Tamale, har Yeji inda ake shiga jirgin fito a haye kogi. Ta ce ba ta taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba, ta runtse ido ta damƙe carbinta, ba ta buɗe ba sai da ta ji tayar mota ta taka ƙasa. Mijin ɗan ƙwadago ne a gonar koko, cikin dubban mazan Moshi da suka yi wa ƙasar Asante dakon koko, wasunsu suka shiga ramin zinariya a Obuasi. Daga baya ya dawo Kumasi ya kama aikin gadi.

Kada wani ya ɗaga hanci ya ce baƙuwa. Kalmar zango kanta me take nufi in ba masaukin fatake ba? Ni ma fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi kwana 14 ya bar ƙasa. Ban zo duniya ba tukuna, amma babu ɗan zangon da bai ji labarin a bakin tsofaffi ba. Mutum ya sayar da keken ɗinkinsa da gadonsa a kan kuɗin mota. Manyan motoci maƙil da Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Moshi, wasu a nan aka haife su, ko hanyar garin da aka ce nasu ne ba su sani ba. Yaaba da mijinta ba takarda, ba kuɗin mota. Wani Ba'asante da ya taɓa yi wa aikin gona a wajen Ahafo ya ce su shigo daji su zauna har ƙura ta lafa. Daren da za su tafi ta miƙa wa kakata makullin ɗakinta. Sama da shekara biyu kakata na riƙe da makullin nan, tana biyan haya daga cinikin masa, ta shiga ta share ta kulle. Sai bayan sojoji sun hamɓarar da Busia a Janairun 1972 suka dawo. Yaaba ta ce ko allurar da ta soke a jikin labule a nan ta same ta. Ku riƙe maganar makullin nan.

Abin da na gani da idona shi ne 1983. Ina ɗan shekara bakwai. Ruwa ya ƙi sauka, wutar daji ta cinye gonaki, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan guda da gwamnatin Shagari ta koro daga Najeriya, cikinsu har da babban ɗanta da ya dawo daga Agege da jaka ɗaya. Yaran yanzu ba su san "sarƙar Rawlings" ba. Ƙasusuwan wuya ne da suka fito wa kowa saboda rama, har aka mai da abin ba'a da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Mutane na bin layin dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, tun ba a dafa ba, su saye shi ɗanye su kai gida don kada ya ƙare kafin layi ya zo kansu. A shekarar nan coci na raba abincin agaji, masara rawaya da alkama da madarar gari. Yaaba ta ɗauko kasonta a ka, ta sauke a tsakar gida, ta ɗauko gwangwanin awo ta bi ɗaki-ɗaki, gwargwadon yawan bakin yara. Ɗakinmu mu shida ne, nata huɗu, don haka namu ya fi nata. Mahaifina, mutum mai kunya, ya fito ya ce, "Mma, ai wannan na mutanenku ne." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, yunwa ya tambaye ka ina kake salla?" Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta, amma ban taɓa jin ta yi magana an nemi ƙarin bayani ba.

Ƙarfe huɗu na dare take tashi. Ta jikin bango kana jin ƙus-ƙus ɗinta, tana jan carbinta da yaren Moshi, gwiwa a kan siminti, har gwiwoyin suka yi kanta baƙi kamar goshin mai yawan sujada. Da ladan ya kira sai ta fito ta bi ƙofofinmu da sanda: "Ku tashi, an kira ku, ba ku ji ne?" Ban san wanda ya tashe ni sallar asuba a duniya kamar matar nan ba, har da mahaifina. Daga nan ta ɗaura kallabi ta taka zuwa coci addu'ar safe, ta dawo ta hura gawayi, ta soya gyaɗa, ta dama zomkom, ruwan geron nan na Moshi mai citta da tsamiya. Da azumi kuwa, kafin a kira magariba kwanon zomkom ɗinta na bakin kowace ƙofa. Shekara da shekaru naman alade bai taɓa hawa murhun gidan nan ba. Ba wanda ya hana ta, ita ta hana kanta. Abin alfaharinta guda a duniya shi ne ta ga Paparoma John Paul na biyu da idonta da ya zo Kumasi a watan Mayun 1980. Ta ba mu labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kowane karo taron na ƙara yawa, shi kuma Paparoma na ƙara matsowa kusa da ita.

'Ya'ya shida ta haifa, ta binne uku. Mijin ya rasu. Autarta ta mutu wajen haihuwa ta bar mata yara uku, ta ɗauke su tana da shekarun da ya kamata a ce ita ake ɗauka. Da kwalbar gyaɗa da buhun gawayi ta biya kuɗin makaranta. Kowane dare kafin ta kwanta sai ta jera sunayen 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a gaban Allah, ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowa yake: wane a Ashaiman, wance a Takoradi, wane a Italiya. Lokacin da jikanta ya bi hamada ta Agadas zuwa Libiya, aka yi wata huɗu ba labari, ta daina cin abincin rana, ta kuma zo ta durƙusa wa mahaifina ta ce ya sa yaron a addu'a in ya je masallaci. Jikarta da ta yi jinyarta ta gaya mini jiya, wai ina cikin jerin nan. In ta gama da jininta sai ta ce, "da ɗan maƙwabciyata na Magazin." Har daren ƙarshe.

Da ƙafa ta gaza, duniyarta ta koma kujera ɗaya a bakin ƙofa da wata ƙaramar waya mai madannai da aka aiko mata daga Italiya. A leda take ƙulle ta, ta soke a haɓar zani. Ba ta iya kira ba, ɗauka kawai ta iya, ta san koren madanni. Zamanin dumso, da ake wuni a kwana ba wuta, kuɗin gyaɗarta take ba yaro ya kai caji wurin mai janareta, wai kada wani ya kira ya ji a kashe. Jikar ta ce sai a yi sati biyu, sati uku, wayar ba ta yi kuka ba sai kiran tallar kamfanin waya, muryar nan da aka naɗa. Yaaba ta ɗauka, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Amin, amin, Allah ya yi albarka, a gai da yara." Aka gaya mata inji ne. Ta ce ko inji ne, shi dai ya tuna da ita.

Yanzu ga nawa.

Kira na farko kafin azumi ne. Jikar ta buga ta ce, "Kawu, Yaaba ta ce ka zo, tana da magana." Ina tsakiyar ciniki, wani direban trotro, motar haya, na tsaye a kaina muna jayayya a kan kuɗin birki. Ga abin da zuciyata ta raya mini, kuma nan ne ya fi ƙona ni: na ce kuɗin magani ne. Tsohuwa ta ce tana da magana, ai an san maganar. Na ce, "Ki ce mata zan zo bayan salla in sha Allahu." Na kashe, na tura sidi ɗari ta MoMo, hanyar aika kuɗi ta waya, na ji wani sanyi a raina kamar wanda ya gina masallaci.

Na biyu bayan babbar salla, na yi kiciɓis da jikanta namiji a Kejetia. Ya rusuna ya gaishe ni ya ce, "Kawu, Yaaba na ta cigiyarka." Na ce wallahi aiki ne ya yi yawa, satin nan zan shigo. Da rantsuwa fa.

Na uku saƙon murya ne ta WhatsApp. Na ga ya shigo ina tuƙi, na ce sai na tsaya. Da na tsaya ban buɗe ba, na dai rubuta "zan zo" na tura. A satin nan kuma, Allah shaida ne, na shiga Moshi Zango kai wa wani mai mota kaya. A bakin lungunmu na tsaya. Ina hango rufin gidan. Taku hamsin bai kai ba. Na laluba aljihu na ce kai, ba zan shiga wurin tsohuwa hannu rabbana ba, bari sai na sayo ɗan burodi da sabulu, ranar Juma'a. Na tada mota. Kunyar zuwa hannu wofi ta sa ban zo ba gaba ɗaya, kuma na san ba ni kaɗai Shaiɗan ke kamawa da wannan igiyar ba.

Wata biyu gawarta na ɗakin sanyi ana jiran na ƙasashen waje su haɗa tikiti. Jiya kuwa titi ya toshe. Rumfuna, kujeru, lasifika mai girgiza ƙirji, 'yan badujala, kowa cikin yadi fari da baƙi tunda ta mutu da tsufa. Hotonta a allo ya fi ƙofar ɗakinta girma. Waɗanda kiransu ba ya shigowa a sati uku, ga su jirgi ya sauke su. An shafe ɗakin da fenti, an canja kwanon rufin da ya yi shekaru yana ɗiga mata ruwa a ƙafar gado. An saya mata leshin da ba ta taɓa sa irinsa da rai ba. Ga teburin gudummawa, ana shelar sunan kowa da abin da ya ajiye. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina, kai, mutanen nan ba su da kunya. Sai na ji an kira sunana a lasifika, da adadin da na ajiye. Ya ninka abin da na tura mata tana da rai sau biyar. Aka yi tafi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mu Musulmi kada mu yi murmushi mu ce ai mu ba ma ajiye gawa. Gaskiya ne, a mutu da safe, azahar an rufe. Amma addu'ar bakwai da ta arba'in fa? Nan ma ba saniya ake kayarwa ba? Ba a fitar da yayi kowa ya ɗinka ba? Tsohuwar da aka yi wa tukunya goma ranar arba'in, sau nawa aka kai mata kwano ɗaya da zafinsa tana iya haɗiya?

Da yamma, mutane sun fara watsewa, jikar ta yafuto ni zuwa ɗakin. Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da gwangwanin nan, an naɗe shi da tsumman atamfa an ɗaure da zare. Atamfar na fara ganewa: zanin mahaifiyata ne. A ciki akwai 'yan kunne na zinariya a naɗe cikin auduga, waɗanda nake gani a kunnenta ranar salla tun ina yaro. Da ta rasu ba mu gan su ba, muka ɗauka ta sayar lokacin jinya. Sai takardun sidi goma-goma guda biyar, sababbi fil, ko lanƙwasa ba su yi ba.

Ashe da mahaifiyata ta ji ciwo ya yi nauyi, ta ba Yaaba ajiya, ta ce na takwararta ne, 'yata ta fari da ke goye a lokacin, a ba ta in ta isa aure. Ta san mu, ta san in babu ta matsa za mu sayar. Ta haɗa da sidi dubu ɗari biyar na da. Da aka canja kuɗi a 2007 aka yanke sifili huɗu, Yaaba ta sa aka kai banki aka canjo, ta mayar cikin gwangwani. Ta bar wa jikar saƙo, ta sa ta maimaita har ta haddace: "Ki gaya masa dubu ɗari biyar uwarsa ya ba ni. Gwamnati ne ya mai da shi hamsin, ba ni na ci ba."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka a gaban yarinya.

Kusan shekara ashirin. A cikinsu ta yi jinya, ta kwana da yunwa, an koro jikokinta daga makaranta saboda kuɗi, ga zinariya a ƙarƙashin gadonta, ga maƙeran zinariya cike da Kumasi, ba kuma wanda ya san da ajiyar sai ita da wadda ke kabari. Jikar ta ce ta taɓa tambayarta, ta amsa da cewa bashin makulli take biya. Da ta ji an fara zuwa neman 'yata, ta kuma ji jikinta ya saki, shi ne ta aiko. Maganar ke nan. Ni kuma na ce kuɗin magani.

Na tambayi jikar, sidi ɗarin da na turo fa? Ta ce ta ciro ta kai mata. Yaaba ta jujjuya kuɗin a hannu ta ce, "Shi fa?" Aka ce aiki ya riƙe shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe kuɗinsa ya fi shi ƙafa." Ta sa aka sayo gero da sukari da su, aka dama zomkom aka raba wa masu azumin gidan.

Daren jiya na buɗe saƙon muryar. Numfashi ya fi magana yawa. "Ɗana, kana lafiya? Yara fa? Ka zo ka karɓi kayan uwarka, na gaji. Ba kuɗi nake so ba."

Ta sani. Ta san abin da na zata.

'Yan uwa, alamomin munafuki guda uku duk mun haddace su tun muna makaranta, ba sai na karanto wa kowa ba. Ku ɗora ni a ma'aunin nan, ni mai salla biyar, ku ɗora ta. Ɗayanmu an ba shi amana ya riƙe shekara ashirin. Ɗayanmu ya yi alkawari sau uku, ɗaya da rantsuwa. Makomarta na hannun Ubangijinta, ban isa in sa baki ba. Tawa nake tsoro.

Mun mai da "in sha Allahu" ƙofar baya. An koya mana ita don mu tuna gobe ba a hannunmu take ba, mu kuma muna faɗinta ne in mun riga mun san ba za mu je ba. Tsohuwa ta ji ka ambaci Allah, ta yarda, ta sa a share bakin ƙofa, ta ajiye maka gyaɗa a kwalba. Kai kuwa kafin ka mai da waya aljihu ka manta. Ku ji tsoron Allah da "zan zo" ɗin nan. Wallahi ku ji tsoron Allah.

Ban ce kada a tura kuɗi ba. A tura, magani ya yi tsada, gero ya yi tsada. Tun da MoMo ta shigo a 2009 ta share hawaye da yawa, ni shaida ne. Amma iyayenmu da suka ce zumunci a ƙafa yake ba su ce a babban yatsa ba. Mun samu hanyar sayen kanmu daga zuwa, a farashi mai sauƙi, har da rasit.

Kai da ke ɗora hoton mahaifiyarka a waya duk Juma'a, da "Allah ya bar mana ke Mma", mutum ɗari su ce amin, ita ba ta ma san an ɗora ba: yaushe rabonka da zama a tabarmarta? Ke da ba ki taɓa fashin biki ko suna ba, duk Lahadi sabon yayi, daga Aboabo zuwa Sawaba zuwa Tafo, amma gwaggonki da ta yaye ki tana Asawase, sai ki ce hanya ta yi nisa. Ku samari da ke zaman shayi har ƙarfe ɗaya na dare kuna musun ƙwallon Kotoko da Hearts, kuna gardamar siyasa kamar ku za a naɗa minista, ga kakarku a ɗakin da ke bayanku tana neman wanda zai karanta mata ko ƙwayar nan sau biyu ake sha ko sau uku. Kai ma Ustaz, da ba wa'azin da ke wuce ka, littafi a hammata, kawunka na kwance wata uku. Da ku na Bronx da Hambog, na san ba sauƙi, na san aikin dare, na san takarda. Kun gina bene, Allah ya sa albarka. Amma tsohuwar da kuka sa a ciki ita kaɗai da 'yar aiki da katanga mai waya, kun raba ta da tsakar gidan da ake yi mata sallama sau hamsin a wuni, ku kira ta mana. Ku bar ta ta yi surutunta har katin ya ƙare.

Ba faɗa nake muku ba, don Allah. Da wane baki? Ni taku hamsin ya gagara.

Na san wani zai ce, duk wannan a kan Kirista? Ɗan uwa, da aka yi ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci, ba a ce sai wanda kuke sahu ɗaya ba. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya taka har cocin Christ the King a Accra ranar Ista ya zauna da su. Tsoho mai shekara ɗari ya je da ƙafarsa, ni mai mota na kasa. Kuma ka juya maganar: in wadda ba jinina ba, ba addinina ba, haƙƙinta ya hana ni barci haka, kai da taka uwar ce ke zaune da waya a haɓar zani fa?

Abin da suke so ba shi da yawa. Ka zauna. Ka ci abin da aka ba ka ko ka ƙoshi. Ka bar ta ta ba ka labarin da ka ji sau ɗari, ka yi mamaki a inda ake mamaki. Ka ɗaga kai ka dubi rufin, ka duba ko katin inshorar lafiyarta ya mutu. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa babban kuɗin, sabuntawa kawai ake yi, amma sai wani ya tuna. Ka dubi faratan ƙafarta. In ba ka da ko pesewa, je haka nan. Ni na tsaya jiran burodi da sabulu.

Da safen nan na kira 'yata na miƙa mata 'yan kunnen. Ta sa, ta dubi madubi, ta ce, "Baba, Yaaba ɗin nan wace ce?" Ban taɓa kai ta ba. Shekara ashirin matar na gadin zinariyarta, ko fuskarta ba ta sani ba.

Kada ka ce amin ka wuce. Akwai sunan da ya faɗo maka tun kana tsakiyar karatun nan, ka san shi. Tashi ka je yau. Yau, ba Juma'a ba.

Ni gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana Ayigya Zango, rabona da ita tun ƙaramar salla. Ita ma ta aiko sau ɗaya. Na ce wa 'yata ta ɗauko mayafinta, da an yi la'asar za mu kama hanya. Gobe Litinin ma, wanda ya zo shago bai same ni da wuri ba, ya yi haƙuri ya jira yaro.